Ai Ba Tawa Ba Ce

Markar bana ta zo Kano kamar da gayya. Tun farkon mako rana ba ta leƙo ba, in ruwa ya tsagaita yayyafi ya karɓa, in yayyafi ya gaji ruwa ya dawo. Jiya da hantsi ina zaune a bakin ƙofar ɗakina, na miƙe ƙafafun nan da sanyi ya sa a gaba, sai na ji Fiddausi matar autana ta ɗaga murya. Yaranta suna hutu, ba damar fita, sun mai da falo filin ƙwallo, ƙaramin kuma ya tsoma mata waya a bokitin wanki. Ta ce, "Wallahi kun ishe ni! Da zan sami mai so, kyauta zan bayar da ku in huta!"

Ban san sa'ad da na daka mata tsawa ba. Na ce, "Ke Fiddausi, tofar da yawun bakinki!"

Ta leƙo tana dariya, wayar tana ɗigar ruwa a hannunta. Ta ce, "Haba Hajiya, wasa fa nake yi."

Na ce na sani. Yo wace uwa ce ba ta taɓa faɗa ba? Amma a gabana ba a faɗa. Ta tofar don ta rabu da ni, ta je ta cusa wayar cikin shinkafa wai ta bushe, ni kuwa ta bar ni da wata daminar da na daɗe ina kau da kai daga gare ta.

Shekarar da soja suka fara komawa bariki suka bar wa farar hula mulki ce, karon farko. A shekarar azumi ya faɗo tsakiyar damina. Muna zaune a wani lungu kusa da Ƙofar Ruwa, gidan ƙasa, ɗakin soro ɗaya da rumfa da ɗan madafi a kusurwa. Malam maigidana, Allah Ya jiƙan sa, tela ne, kuma duk wadda ta auri tela ta san da an ga watan azumi ta yi sallama da miji sai bayan Sallah. Ya fita da asuba, ya leƙo shan ruwa da zare a kafaɗa, ya koma. In ma ya zauna ɗin, a zaure ne, shi da maƙwabta ana musun zaɓe. An ce a shekarar har mata za su fita jefa ƙuri'a. Na ji dai ana faɗa. Ni wa zan bar wa yaran?

Su uku ne. Ladidi tana goye, ko zama ba ta fara ba. Garba ne yayanta, shi na yi wa kwanika, cikin Ladidi ya shiga ban yaye shi ba, aka raba shi da nono da ƙarfin tsiya, shi kuwa bai yafe min ba. Ga shi tsamurmuri, ga ciki a gaba, kullum majina, kullum hannunsa a gefen zanena. In na shiga banɗaki yana bakin ƙofa yana tsala ihu kamar an yanka shi. Sai Babbar.

Babbar ita ce 'yar fari, kuma sunan marigayiya uwar mijina aka sa mata, kunya biyu ta haɗu ke nan. Uwani ake ce mata don a sakaya, shi ma ɗin bakina bai taɓa sabawa ba. A wurina "ke" ce, ko "waccan", in kuma labari nake bayarwa in ce Babbar. Ban taɓa ɗora ta a cinya a gaban mutane ba. In ta faɗi ta fasa baki, sai dai in ce wa na kusa, "Ku ɗaga ta mana." Haka muka tarar, haka uwata ta yi wa yayana, ba wanda ya ce ƙiyayya ce. Yanzu Fiddausi sai ta rungume ɗanta na fari ta yi ta sumbatar sa a tsakar gida tana kiran sunansa har da waƙa. Ina kau da kai, kuma har yau ban tantance ba, kunya nake ji ko kishi.

Yarinyar nan haƙoranta na gaba ko famfara ba su yi ba, amma ita ce ƙafafuna. Ina cikin kulle, ita ce zuwa inji, ita ce sayo daddawa, ita ce karɓo garwashi. Ta iya goyo tun majanyi yana zagaye ta sau biyu. Ba ta da yawan magana, sai kallo. In na zauna ɗinkin hula, sai ta zo ta zauna nesa kaɗan, ta juya min baya, ta matso a hankali har bayanta ya taɓa gwiwata. Ni ba na cewa komai, ita ma ba ta cewa. Iyakar abin da ke tsakaninmu ke nan, kuma ya ishe mu.

Tsorona ɗaya ne a duniya a lokacin, Yaya Asabe, yayar Malam. Tana aure a wani ƙauye bayan Bichi, Allah bai ba ta haihuwa ba. Tun ranar sunan Babbar ta ɗaga jaririyar ta ce, "Innata ta dawo. Wannan tawa ce." Kowa ya ce ƙwarai kuwa, wa ya fi ta cancanta? Aka ce sai an yaye. Da aka yaye aka ce sai ta yi wayo. Da ta yi wayo, Malam ya ce, "Yaya, ki ɗan ƙara haƙuri, ita ce ke kama wa uwarta." Wannan kalmar ce kaɗai katangar da nake fakewa a bayanta. Duk sa'ad da na ji sallamar Yaya Asabe a zaure, sai gabana ya faɗi, alhali ba ta taɓa yi min komai ba sai alheri.

To, bari in faɗa muku yadda wunin marka yake a gidan ƙasa da yara uku da azumi a baki.

Da gari ya waye, aikin farko zubar da kwanukan yoyo. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to ni nawa ba inda ba ya yi. Rabon soron nan da yaɓe tun kafin a haifi Garba, Malam kullum sai ya ce in ruwa ya ɗauke. Langa a kan gado, tasa a bayan ƙofa, ƙwarya a kan adaka, kowacce da irin kukanta. Ruwan da ke ɗigowa ja ne, ya biyo azara ya kwaso ƙasa. Kina zubar da wannan Garba ya sa ƙafa a waccan.

Sai wanki. Babu wannan abin da ake ɗaura wa yara yanzu a cire a jefar. Tsumma ne, tsofaffin zannuwa da aka yayyaga, ga Ladidi da gudawar haƙori, ga Garba da bai daina yi a tsaye ba. In wanke, in rasa inda zan shanya, in ɗaura igiya a ɗaki. Ba sa bushewa, sai dai su yi tsami. Ɗakin nan warin danshi, warin fitsari, warin fumfuna, har a jikin tabarmar salla. Na sha ɗaura wa Ladidi tsumma da sanyinsa, cinyoyinta suka saɓule suka yi ja, ta ƙara kuka a kan kuka.

Wuta kuwa yaƙi ce. Icen ya sha ruwa, sai hayaƙi. In durƙusa in yi ta hurawa da goyo a baya, idona yana zubar da ruwa, kaina yana juyawa don yunwa. In abin ya gagara in ƙwanƙwasa katangar Iya Tabawa, tsohuwar da muke maƙwabtaka, ta miƙo garwashi a fasasshen kasko, Babbar ta taka turmi ta karɓo. Akwai 'yar ƙofa tsakanin gidajenmu, kuma Iya tana da rumfar kwano, don haka a can matan lungun muke haɗuwa surfe. Taɓarya uku a turmi ɗaya, ruwa yana dukan kwano, yara sun cika ƙasa kamar kiyashi. A nan kaɗai nake jin muryar babban mutum da rana. Iya takan dube ni ta ce, "Sa'a, ki sha ki rama mana, mai shayarwa ce ke. Dubi wuyanki." In ce, "Iya, ramuwa ta fi ciwo. Kowa yana ci ni kaɗai ina kame baki, ga waɗannan a kaina? Gara a yi ta ta ƙare."

Abin surfen ma ba yawa. Tsohon gero ya ƙare, sabo yana gona bai nuna ba, wanda ke kasuwa ya yi tsadar da sai dai a kalla. Tafasa da rama da yaran unguwa ke tsinkowa a gindin ganuwa, su muka mai da abinci, a kwaɗanta da ƙuli a kora da ruwa. Ni da azumi, yara ba ruwansu da azumi. Da azahar sai na ba su abinci da hannuna, ina jin ƙamshin ƙulin har cikin ƙwaƙwalwata, Garba ya tauna ya tofar ya ce ba ya so. Wallahi akwai ranar da na kalli abin da ya tofar a ƙasa na haɗiyi yawu.

In Allah Ya taimake ni su biyun suka yi barci tare, abin da ba ya faruwa sai jefi-jefi, in jawo hula in zura allura, sai ga motar 'yan siyasa da lasifika ta tsaya a bakin lungu. A yi ta kirari, a yi ta alkawarin famfo da asibiti. Ladidi ta zabura, Garba ya taya ta. Na tsine wa motar nan ba adadi, ban ma san ta wace jam'iyya ce ba, duka na haɗa.

Na yi faɗa a daminar nan, ba zan ɓoye ba, kuma ba na neman afuwar kowa. Na yi dundu, na yi ranƙwashi, na yi "Allah Ya shirye ku" har muryata ta dushe. Wani lokacin in shiga madafi in tsuguna a cikin hayaƙi in yi kukana, don a can ko an gan ni za a ce ice ne. Wadda ba ta yi reno cikin marka da yunwa ba, ta ja bakinta ta yi shiru.

Azumi ya raba tsakiya sai ga sallamar Yaya Asabe. Ta zo a duba mata ido a asibiti, ta ce za ta zauna har Sallah. Ta sauke ƙullin gero, da busasshiyar kuɓewa, da man shanu a 'yar kwalba, da ɗaurin busasshen kara da ta rufo da buhu tun daga ƙauye don ta san halin birni da damina. Ranar muka yi tuwo na gaske. Mace ce doguwa mai sanyin murya, ba ta zama haka nan. Kafin in ankara ta karɓe wanki, ta karɓe Garba, ta toshe wani yoyon da ƙasa da tsumma. Na sami barcin rana a karo na farko tun haihuwar Ladidi. Na farka na tarar ta zaunar da Babbar tsakanin ƙafafunta tana yi mata kitso, tana ce mata, "Innata, kai ɗaya gashi kamar na mutum biyu." Yarinyar tana ta murmushi. Ni ban taɓa yi mata kitso ba, gidan Iya nake tura ta.

Muna cikin goman ƙarshe aka yi ruwan da har yau tsofaffin unguwar ba su manta ba. Tun azahar ya tsuge. Kududdufin bayanmu ya cika ya tumbatsa, kwatar gida ta toshe, ruwa ya taru a tsakar gida yana neman haura dokin ƙofar ɗaki. In ya shiga, gindin bango zai jiƙa, kuma a makon an riga an ji rugujewar gidaje a unguwa. Yaya Asabe ta ɗauki sanda ta nufi wajen zaure buɗe kwata. Ni na ɗauki ƙwarya ina kwarfa, Ladidi a bayana tana ihu. Gasarar kunun buɗa-baki tana cikin fanteka a kan kifaffen turmi a rumfa, geron Yaya na ƙarshe ke nan, tun safe na jiƙa, aka kai inji, na tace. Na ce wa Babbar, "Ke, riƙe min yaron nan, kada ki bari ya je wajen turmi."

Yarinya ai yarinya ce. Indararo yana kwararo ruwa, ta saki hannun Garba ta je ta tara kai a ƙarƙashi tana dariya. Ban ji faɗuwar fantekar ba saboda ƙarar ruwa. Farin kawai na gani yana bin jan ruwan tsakar gida, ya zagaye ƙafafuna, ya miƙe ya fice ta kwatar da Yaya ta gama buɗewa. Garba yana zaune a cikin taɓo yana lasar hannu.

La'asar ta yi nisa. Cikina ba komai tun ɗumamen asuba, nonona ya bushe, bayana kamar zai tsinke. Na yi wurgi da ƙwaryar, na fisgo Babbar daga ƙarƙashin indararo, na ɗirka mata dundu. Na ce, "Na shiga uku ni Sa'adatu! Wai ni kaɗai na haihu a garin nan? Wallahi na gaji! Da za a sami mai so, ya zo ya kwashe ku, kyauta na bayar, in huta!"

Na ɗago kai, Yaya Asabe tana tsaye da sandarta, ruwa yana zuba daga mayafinta. Ba ta ce min don me ba. Ta ce, "Sannu Sa'a. Allah Ya ba ki lada." Ta jingine sandar, ta ɗauki yarinyar ta shige rumfa da ita, ta tuɓe mata jiƙaƙƙiyar rigar ta lulluɓe ta da zanenta. Da aka kira salla, Iya Tabawa ce ta miƙo mana kunu ta kan katanga, da shi muka sha ruwa.

Washegari ni har na manta da na yi maganar. Zagin uwa ai kamar yayyafi ne, ya sauka ya bushe. Sai na ga Yaya ta ba Malam wani ɗan yadi ta ce a ɗinka wa Innarta riga da ɗankwali, a yi su da ɗan girma don ta daɗe tana sawa. Sai na ga tana tambayar yarinyar ko ta taɓa ganin ɗan maraƙi. Jikina ya ba ni, amma na ce ai Malam yana nan, zai faɗi abin da ya saba faɗa.

Ana jibi Sallah ya shigo da la'asar, lokacin da bai saba shigowa ba. Ina ɗaki ina ba Ladidi nono. Bai zauna ba, ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, tef a wuya. Yaya tana rumfa tana tsince shinkafar Sallah, tsakaninmu da ita labule ne kawai.

Ya ce, "Sa'adatu, Yaya ta sake tayar da maganar nan."

Na juya Ladidi ɗaya ɓangaren.

Ya ce, "Ta ce ta ji da kunnenta kin gaji, kuma ba ta ga laifinki ba, uku sun yi wa mutum ɗaya yawa a wannan hali. Ta ce in an rage miki ɗaya kya ji da biyun. Na ce mata sai na ji ta bakinki. Me kika ce?"

Kalmar tana bakina. A'a. Ba ta da tsawo, ko Garba ya iya ta, ita ya fi faɗa ma. Amma wace uwa ce za ta buɗe baki ta yi jayayya a kan 'yar fari, a gaban yayar miji, wadda ba ta da nata, wadda geronta ke cikinmu, a kan yarinyar da ke ɗauke da sunan uwarta? Da na faɗa, da an yi ta ba da labarina a gidan biki har in mutu, a ce ga marar kara, ga wadda ta ci kunya ta sha ruwa. Na ji tsintar shinkafar ta tsaya. Na ƙura wa kan Ladidi ido, ina roƙon Allah a zuci Malam ya dubi fuskata ya gane.

Na ce, "Yo ni me zan ce? Ai ba tawa ba ce. Taku ce."

Ya daɗe a tsaye. Ya ce, "Iyakar abin da za ki ce ke nan?"

Na ce, "Ɗa ai na kowa ne."

Garba ya zo ya riƙe masa ƙafar wando. Ya sunkuya ya ɓamɓare hannun yaron a hankali, ya fita. Na ji Yaya tana cewa, "Allah Ya yi miki albarka, Sa'a. Allah Ya sa ki ga na bayanta."

Washegarin Sallah suka tafi. Kamar da gangan, ranar ce rana ta fito tas, tsakar gida yana tururi, kowa ya baza shanya a kan katanga. Matan lungu suka shigo sallama, wannan ta kawo ɗan kunne, waccan ta kawo dafaffen ƙwai. Ni na jawo kwanukan Sallah na zauna a bakin kwata na juya baya ina wankewa, don uwar 'yar fari ba ta rakiya. An sa wa Babbar sabuwar rigar, ta sauko mata har idon sawu. Ta zo ta tsaya a gefena.

Ta ce, "Inna, in Ladidi ta ƙi barci, ki hura mata iska a tafin ƙafa. Garba kuma ba ya shan kunu in an fifita da ludayi, sai an hura da baki."

Na ce, "To."

Ta ƙara matsowa, ta yi ƙasa da murya don kada matan su ji. Ta ce, "Don gasarar ne?"

Matan nan duk idonsu yana kaina. Na ci gaba da cuɗa langar da ta riga ta fita. Na ce, "Ke, tafi, ana jiran ki."

Na ji takunsu har zaure, na ji Malam ya ɗauki ƙullin kayan zai kai su tasha. Wata a cikin matan ta ce, "Kai, Sa'a akwai kara! Ku dube ta, ko gezau." Wata ta ce, "Haka ake so, 'yar gidan mutunci ke nan." Da ina da iko da na watsa musu ruwan wanke-wanken nan a fuska.  Da suka watse Iya Tabawa ta zo ta karɓe langar daga hannuna ta ce, "Ta fita haka nan, za ki huda ta."

Hutun da na roƙa ban gan shi ba. Aike ya koma sai na jira ɗan maƙwabta ya ga dama. Ladidi ta ƙi barci, na hura mata tafin ƙafa, ta yi. Garba ya yi ta zagaya gida yana leƙa bayan ƙofa, yana leƙa madafi, yana kiran "Wani! Wani!" da iyakar ƙarfinsa, sunan da ni ban isa in kira ba. Ban hana shi ba. Ruwa ya ɗauke, sabon gero ya shigo, aka yi wa soro yaɓe. Ranar da aka rantsar da farar hula maza suka taru a zaure kan rediyo, ana ta kabbara, ni ina ɗinkin hula, gwiwata ba kowa.

Kada a ce Yaya Asabe ta cuce ta. Ta riƙe ta riƙon da ni ban isa in yi ba, madara da fura, makarantar allo da ta boko, ta yi mata aure a can da kayan ɗaki na gani na faɗa. Takan kawo ta Sallah jefi-jefi. Zuwan farko ta ɓuya a bayan Yaya. Zuwa na gaba ta durƙusa ta gaishe ni kamar yadda ake gaida manya, na ji tana ce wa Yaya Inna. Na haifi wasu bayanta, na yi faɗa, na yi dundu, amma kalmar nan ta "kyauta na bayar" ba ta ƙara fita daga bakina ba.

Sai da Malam ya kwanta ciwon ajali, wata rana da hantsi ina ba shi kunu, ya ture ludayin ya ce, "Sa'adatu, ranar nan da na tsaya a bakin ƙofa, da kin ce a'a, ko da da ido ne, da ban bayar ba. Ni ba zan iya hana Yaya da bakina ba bayan abin da ta ji. Shi ya sa na ce sai na tambaye ki. Na yi ta jira ki ɗago kai."

Na ce, "Ni ma kai nake jira, Malam."

Ya ce, "Na ɗauka da gaske kin gaji."

Na ce, "Na gaji mana. Gajiya daban, bayarwa daban. Sha kununka."

Yaya Asabe ta yi tsawon rai, ta riga ta ga jikokin Babbar kafin ta cika. Da aka aiko da rasuwar, autana ya kai ni a mota, muka bi ta Dawanau, ƙafafuna a kumbure. Ɗakin cike da mata, Babbar tana tsakiya, furfura ta fito mata a gefen ɗankwali, idonta ya yi luhu-luhu. Kowa ya shigo wurinta yake nufa, ita ce mai karɓar gaisuwa. Da ta gan ni ta taso ta durƙusa a gabana, ta kama hannuwana biyu, rabon da ta taɓa ni har na manta. Ta fashe da kuka.

Ta ce, "Hajiya, kin gani, Baba ya tafi, yau Inna ta tafi. Shi ke nan, na zama marainiya."

Hannunta yana cikin nawa, da ɗumi. Na buɗe baki, ɗakin ya yi tsit ana jiran a ji me tsohuwa za ta ce. Na ce, "Sai haƙuri. Allah Ya jiƙan ta, Ya sa ta huta, Ya ba ki ladan biyayya."

Ta ce, "Amin, Hajiya. Na gode ƙwarai da kika taso, ga nisa ga ciwon ƙafa." Ta share hawaye, ta juya ta ce wa wata jikarta, "Ke, shimfiɗa wa Hajiya tabarma a ɗakin baƙi, ki kai mata ruwa."